Yadda Na Kwashe Ruwan Ashcombe Saboda Sandar Sabis Huɗu

Sunana Norman Tranter. In ka taɓa bin hanyar ruwa ta gangaren Ashcombe ka ji masu jirage suna ce wa juna, "Kada ka yi mana irin ta Injiniya," to da ni ake. Ban taɓa karatun injiniya ba, shekara ashirin da shida na yi ina sayar da labule. Wata rana ce na gyara wa wani fitilar jirginsa, wadda daga baya aka gano batir ɗin kawai aka saka a juye, sai aka laƙaba mini sunan. Ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu, ban taɓa lura cewa duk mai kirana da shi sai ya ɗan kau da kai ba.

Shekararmu bakwai ni da matata Glenys a cikin jirginmu, Marigold. Dogo ne siriri, in ka miƙa hannuwa sai ka taɓa bangon dama da na hagu. Jikinsa duk ƙarfe ne, shi ya sa waya in ta shiga ciki take zama kurma. Glenys ta jure sanyi, ta jure kwasar toka, ta jure wanka da ruwan da bai kai bokiti ba. Rashin sabis ne ya ƙure ta. In za ta gaisa da 'yarmu sai ta sa rigar ruwa ta hau rufin jirgi ta ɗaga waya sama, agwagi suna kallonta.

Ana nan sai ta samo wani aiki a kamfanin inshora, na amsa koke-koken jama'a daga gida. Suka sa mata ganawa ta kiran bidiyo ranar Talata da ƙarfe sha ɗaya na safe, suka kuma ce lallai ta yi kiran daga inda za ta riƙa zaman aikin, don su ga ƙarfin layinta.

Ta ajiye mini shayi ta ce, "Norman, buɗe kunnenka. In layin nan ya yanke ranar Talata, ni da zaman ruwa mun raba gari. Beryl ta ce ɗakinta na baya yana nan babu kowa."

Beryl yayarta ce da ke Stafford. Jirginmu "gwangwani" take kiransa, ni kuma "mai labule". Ni kuwa ina son jirgin nan, Glenys kuma ina sonta fiye da shi, ko da yake ban cika faɗa ba. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wannan ne abin damuwa? Ki bar mini. Sandar sabis huɗu za ki samu a waya, cif."

"Daga ina?"

"Ke dai ki goge rigarki."

Washegari a famfon da muke ɗibar ruwa na tarar da Wilf, mai yawo da jirgi yana sayar da gawayi da gas, da kuma Mama Mavis, tsohuwar da aka haifa a cikin jirgi, wadda duk hanyar ruwan nan ba mai iya ja da ita. Ban bari sun gama gaisuwa ba na shiga bayani. Na ce matsalar masu jirage ita ce ba sa tunani irin na kimiyya. Na ce ni na gano sirrin sabis, kuma nan gaba kaɗan sai an riƙa zuwa daga wasu garuruwa ana neman shawarata.

Wilf ya ce, "Injiniya, ba kai ne bara ka ɗaura kwandon tace taliya a kan sandar kamun kifi ba?"

"Gwaji ne."

"Gwajin da ya rage a jikin gada?"

Mama Mavis ta ce, "Ƙyale shi, Wilf. Ni dai in za ka yi kimiyyarka, yaro, ka yi ta nesa da jirgina."

Na yi musu murmushin tausayi. Sirrin nawa kuwa ga shi. Gangaren Ashcombe ɗakunan ruwa biyar ne jere da juna, kowanne da ƙofa sama da ƙofa ƙasa. Mai hawa ya shiga a rufe, a murɗa tagogin da ke gindin ƙofar sama, ruwa ya cika ya ɗaga jirginsa. Mai sauka a murɗa na ƙofar ƙasa, ruwa ya zube ya sauke shi. To ni na lura, in ɗaki na uku ya cika fal, jirgi yakan daidaita da wani giɓi tsakanin tudu da tsohuwar masana'anta, ta inda ake hango ƙarfen sabis. Nan wurin, ko a cikin jirgi, sanda huɗu. Ka matsa gaba kaɗan tudu ya tare, ka sauka ƙasa bango ya tare. Dabarar ita ce in shigar da Marigold ɗaki na uku, in cika shi, in riƙe ta a nan minti arba'in.

Kowa ya san ba a zama a ɗakin ruwa. Ka shiga, ka fita, ka ba na bayanka wuri. Ko jinjirin da aka haifa jiya a jirgi ya san wannan. Amma na lissafa cewa safiyar Talata ba mai wucewa.

Da na faɗa wa Glenys, sai ta dube ni ta ce, "To in na samu aikin fa? Kullum a ɗakin ruwa za mu wuni?"

"Ki samu tukuna. Sauran ai gyara ne."

Ranar Talata sha ɗaya saura kwata mun shiga, ruwa ya cika, na ɗaure igiyar tsakiyar jirgi tamau a turke don kada hoto ya yi rawa. Glenys ta zauna a teburin cin abinci da shuɗiyar rigarta, kwamfuta a gabanta, waya a jikin taga tana ba kwamfutar sabis. Ta duba ta ce, "Huɗu ne kuwa." Ta yi mini wani kallo da rabona da shi tun muna saurayi da budurwa. Na ji kamar in tashi sama.

Na fita na sa rigar ma'aikata mai ruwan ɗorawa da na taɓa tsinta, na jingina wani allon katako a kan ƙofar ƙasa, wanda na rubuta wa "ANA GYARA" da baƙin fenti. Na ɗauki tef ɗin awon labulena na shiga auna bango, fuska a murtuke.

Abin da lissafina bai hango ba shi ne ranar Asabar ɗin makon akwai taron masu jirage a can sama da gangaren, kuma kowa yana hanya. Sha ɗaya da minti biyu na ji ƙugin inji daga ƙasa. Wilf ne, jirginsa maƙil da gawayi. Ya ɗaure ya hauro ya tsaya yana karanta allon.

"Me ake gyarawa?"

"Bango."

"Me ya samu bangon?"

"Ana bincike."

"Wa ya aiko ka?"

"Hukuma."

"Hukumar ce ta ba ka tef ɗin tela?" Ya leƙa tagar Marigold, ya ga Glenys tana murmushi wa kwamfuta. Ya dafe ƙugu ya ce, "Kai, Norman! Ɗakin ruwan gaba ɗaya ka mayar ofishin matarka?"

"Sassauta murya! Minti talatin kawai. Zan sayi buhu biyu."

"Huɗu."

"Uku."

Kafin mu daidaita, ƙaho ya tashi daga sama. Mama Mavis ce ke saukowa za ta ga likitan ƙafa a gari, bayanta jirage biyu. Tsakanin ɗaki na uku da na huɗu ɗan guntun ruwa ne, bai fi ya ɗauki jirage shida ba, kuma cikin minti goma ya cika da su. Daga ƙasa ma layi ya fara tsawo bayan Wilf. Na ruga ƙofar sama don in tari Mama Mavis, wadda ta riga ta sauko da sandarta.

"Ana gyara, Mama."

"Shekara saba'in da tara ina wuce ɗakin nan, ban taɓa ganin an gyara shi da jirgi a ciki ba. Fitar da gwangwanin nan."

"Marigold ce ma'aunin. Da ita ake gane zurfin."

"Zan gane maka zurfi yanzu da sandar nan."

Wani mai gemu daga jirgin baya ya ɗaga murya, "Malam, mu fa madararmu ta ƙare!" Wata kuma ta ce karenta yana jin fitsari. Na ɗaga hannuwa biyu ina roƙonsu da raɗa, ina nuna tagar Marigold, su kuma suna amsa mini da ihu. Duk wannan na juya wa ƙofar ƙasa baya.

A can ƙasa kuwa wani jirgin haya ya iso da 'yan hutu shida, mutanen da jiya-jiya aka nuna musu yadda ake buɗe ɗakin ruwa, kuma suna ɗokin gwadawa. Ba su tambayi kowa ba. Suka hauro da ƙarafan murɗawa, ɗaya ya ture allona da ƙafa ya faɗa ruwa, suka murɗe tagogin ƙofar ƙasa duka biyu har ƙarshe, suka tafa wa kansu.

Mama Mavis ce ta nuna bayana da sanda ta ce, "Ma'auninka yana nitsewa."

Na waiga. Bututun hayaƙin Marigold yana yin ƙasa sannu a hankali. Na leƙa taga, Glenys na cewa da muryar ofis, "Eh, ranki ya daɗe, ni mutum ce mai natsuwa a kowane hali," hannunta ɗaya kuma a ƙarƙashin tebur yana nuna mini yatsu uku. Sanda uku ke nan.

Mai hankali zai ruga ya rufe tagogin ƙasa, shi ke nan. Ni kuwa kimiyya ce ta zo mini. Na ce a raina, in ruwa na fita ta ƙasa, ai sai a zuba wani ta sama. Na zaro ƙarfena na murɗe tagogin ƙofar sama duka biyu. Ruwa ya shigo da ƙarfi, Marigold ta yi baya ta daki ƙofa, na ji kofuna suna zubowa a ciki.

"Rufe! Rufe, ɗan banza!" in ji Mama Mavis. "Ruwanmu ne kake zubarwa!"

"Daidaitawa ake yi, Mama!"

Glenys ta nuna yatsu biyu.

Sai a lokacin na kwasa da gudu zuwa ƙofar ƙasa. 'Yan hutu suka tarbe ni da fara'a. Shugabansu, wani jan mutum da hular matuƙin jirgi ta takarda, ya ce, "Ofisa, mun yi daidai ko?"

"Ku matsa mini!"

Na sauke taga ɗaya. Ta biyu ta zo rabi ta ƙi. Na danna, na hau kan ƙarfen da ƙafa, ko motsi. Wilf ya leƙa ƙasa ya ce, "Akwai abin da ya maƙale a ciki. Katako ne. Da rubutu ma a jiki." Ya ƙanƙance ido. "Wai ana gyara."

Mutane suka fashe da dariya har da masu riƙe ciki. Dariyar ba ta daɗe ba, don wata mata ta yi kururuwa tana nuna Marigold. Na manta da igiyar da na ɗaure tamau. Ruwa ya janye, igiya ta riƙe tsakiyar jirgi, Marigold ta fara karkacewa gefe guda, matata a ciki. Na tsaya ƙiƙam. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Wilf ne ya zaro wuƙa ya dira kan igiyar ya datse ta, jirgin ya faɗa ruwa ya miƙe da wani ƙara, duk abin da ya rage a kan kantar kwanuka ya sauko.

Daga ciki na ji Glenys na cewa, "A'a, ranki ya daɗe, ba komai. Maƙwabta ne ke gyara."

Daga nan Marigold ta ci gaba da sauka tsakanin baƙaƙen bangaye masu gansakuka, har rufinta ya ɓace wa ido. Sai ƙofar bayan jirgi ta buɗe, Glenys ta fito, kwamfuta a buɗe a hannun hagu, waya a aljihun riga, ta kama tsanin ƙarfen da ke jikin bango da hannu ɗaya ta shiga hawa. Ba ta daina magana ba. Ta fito sama, shuɗiyar rigar ta zama kore daga gaba, ta zauna a kan gungumen da ake tura ƙofa da shi, ta ɗora kwamfuta a cinya ta gyara gashinta.

Mama Mavis ta dube ta, ta dube ni. "Nan ma akwai sabis ɗin?"

Na ce, "Tsayin ai ɗaya ne."

"To me ya hana ka kawo mata kujera nan tun farko?"

Sai ihu ya sake tashi daga sama. Tagogin da na buɗe suna nan a buɗe. Guntun ruwan nan duk ya bi ta ɗaki na uku ya wuce, jirage shida sun zauna daram a kan taɓo, kowanne ya jirkice yadda ya ga dama. Kifaye na ta birgima. Tsofaffin tayoyi da keken tura kaya na kanti da wata kujerar wanzami duk suka bayyana. Tukunyar miyar mai gemu ta silalo daga murhu ta bi ta ƙofa ta fita. Kyanwar Mama Mavis ta haye bututun hayaƙi tana zagin kowa.

Na rufe tagogin, ko da yake babu sauran abin rufewa. Don in nuna ni mai ɗaukar nauyi ne, na ce kowa ya kwantar da hankalinsa zan tura jirgin Mama ya miƙe. Na dira cikin taɓon. Ya karɓe ni har ƙugu.

"Ku bar shi a nan," in ji mai gemu. "A dasa shi ya zama turke."

"Injiniya," in ji Wilf daga bakin gaɓa, "zurfin nawa ka samu?"

'Yan hutu suka jeru suna ɗaukar hotona. Mai hular takarda ya ce wannan ne hutu mafi daɗi da ya taɓa yi, ya tambaya ko kullum ake yin wasan ko sai ranar Talata.

Ina nan a kafe na ga Glenys ta rufe kwamfuta. Ta taso ta zo bakin gaɓa ta tsaya a kaina.

Na ce, "Yaya?"

"Sun tambaye ni yadda nake yi da mutumin da ya yi ɓarna ya ƙi amsa laifinsa. Na juya musu kwamfutar suka gan ka kana dirawa. Na ce shekara talatin da ɗaya ke nan ina fama da shi."

"Sai suka ce me?"

"Sun ɗauke ni. Litinin zan fara." Na buɗe baki zan ce ai dama na faɗa, ta ɗaga hannu. "Da sharaɗin layin gida, mai waya a bango. Daga ɗakin Beryl."

Ta juya ta kama hanyar gefen ruwa, wadda ke fita tashar bas, kwamfuta a hammata. Ba ta ko waiwayi Marigold ba.

Na laluba aljihun ƙirji na ciro wayata don in kira ta. Ko sanda ɗaya babu, a gindin taɓo nake. Na daka wa Wilf kira, ya miƙo mini sandar tura jirgi, shi da mai gemu suka finciko ni, takalmina duka biyu suka zauna a ciki. Na bi ta da gudu da safa, taɓo na zuba, jama'a na biye da ni a baya don kada a ba su labari. Na cim mata a kan ƙaramar gadar da ke saman ɗaki na huɗu.

"Glenys. Tsaya mana."

Ta tsaya.

Na matso kusa yadda ba mai ji, na ce ƙasa-ƙasa, "Na yi kuskure. Na kusa kifar da ke. Kada ki tafi gaba ɗaya."

Ta sa hannu a bayan kunne ta ce, "Halo? Ba na jin ka sosai. Layin yana yankewa."

"Haba Glenys, ga mutane."

"Halo? Wa ke magana? Injiniya ne?"

Na dubi gaɓa. Mutum ya fi talatin, Mama Mavis a gaba ta dogara sanda, Wilf ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Na ja numfashi na buɗe maƙogwaro yadda har agwagi suka tashi.

"Norman ne mai labule! Ban san komai ba game da sabis! Na yi kuskure, kuma ba na iya zama a jirgin nan in babu ke!"

Aka ɗauki tafi da fito. Mama Mavis ta ce, "A ƙara maimaita na tsakiyan, na baya ba su ji ba."

Glenys ta dube ni tana danne dariya. Ta ciro hankici ta share mini taɓon da ke kan gira.

"Yanzu ya fita sarai," in ji ta. "Litinin zuwa Juma'a ina Stafford. Asabar da Lahadi ina jirgi, in na tarar da shi a kan ruwa. Koma ka cika wa mutane abinsu."

Ta wuce tashar bas, ni kuma na juya da safata. Ɗaki biyu na haura na riƙa sako ruwa kaɗan-kaɗan, Mama Mavis zaune a kan kujera tana ba ni umarni da sanda, har ƙarfe huɗu na yamma kafin jirginta ya ɗaga daga taɓo.